Kwana Goma Sha Ɗaya Babu Ni a Waya

Jiya da hantsi ina zaure ina karyawa da koko da ƙosai, sai ga Yaya Jamila ta sauko daga adaidaita, fuska a murtuke. Babbar yayata ce, a Rano take aure, kuma ba ta shigowa birni sai da dalili. Na miƙa hannu zan karɓi jakarta, ta riƙe abinta. A tsaye ta gaya mini cewa Kawu Mustafa, ƙanin mahaifiyarmu da ya riƙe ni shekara huɗu ina makaranta, ya rasu tun ranar Talata. An kai shi, an yi sadakar uku, har na Legas sun zo, ban da ni. Sun kira ni ya fi sau talatin, kullum wata mata ce ke amsawa ta ce lambar babu ita. Dangi sun gama yanke hukunci: na canja layi ne don na gaji da su.

Na yi wa Kawu addu'a, na rantse mata layina yana nan, ta ce rantsuwa ba ta da tsada.

Ga abin da ya faru, mai karatu. Gidanmu a Soron Ɗinki ginin ƙasa ne mai kaurin bango, kuma kamfanin wayata ba ya shiga ɗaki, sai na fito tsakar gida ina ɗaga hannu kamar mai kiran kaji. Aka ce mini yanzu mutum na iya ƙaura zuwa wani kamfanin da lambarsa, ba sai ya canja ba. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce na je na cike takarda, aka ce kafin in isa gida an gama. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Ni ina kira yana shiga, shi ya sa ban lura ba. Amma duk wanda ke kan tsohon kamfanina, kuma a nan duk dangin Rano suke, idan ya kira ni sai a ce ba a san da ni ba.

Na ce wa Yaya gani ya kori ji, ta zo mu je. A ofishin kamfanin da na baro aka ce sun sallame ni tuntuni. A ofishin wanda na koma aka ce ba a gama sako ni ba. Muka sake komawa, muka sake dawowa, mai adaidaita kaɗai ke murmushi.

A zuwanmu na uku ofishin kamfanin da na baro, Allah ya haɗa mu da wata ma'aikaciya, Aminat, mai tsoron Allah. Ta juyo da kwamfuta ta nuna mana. Idan mutum zai ƙaura, kamfani yakan aika wa ɗan'uwansa takardar umarni, sai dai kowane da irin tasa takardar. Na nan sun rubuta unguwata da Ɗ mai lanƙwasa. Injin na can bai san harafin ba, ya mayar da shi alamar tambaya, ya ce adireshi bai dace ba, ya ajiye ni a gefe.

Na ce to a miƙe lanƙwasar mana. Ta rage murya ta ce ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk kiran da ya tsallaka daga wani kamfani zuwa wani, akwai kuɗin da ake biyan wanda ya karɓa. Su suna lissafi da daƙiƙa, waɗancan da minti, saboda haka kowane ya ce shi ke bin ɗan'uwansa bashi, kuma tun da aka fara wannan rikici babu mai gaggawar gyara wa wani takarda.

Yaya ta tambaye ta: "'Yar nan, tsakaninki da Allah, ba shi ya toshe mu ba?"

"Wallahi Hajiya ba shi ba ne. Irinsa sun fi ɗari a nan kaɗai."

Sai a lokacin Yaya ta miƙo mini jakarta na riƙe.

Da yamma na ba maƙwabcina Isyaku labari. Marini ne a Ƙofar Mata, bai yi boko ba, amma ya fi ni jin rediyo. Shi ya gaya mini ai akwai kwamitin manyan kamfanonin da aka kafa don a fito da takarda ɗaya da ma'auni ɗaya, kuma shekara shida ke nan suna zama. Ya ce a kasuwar hatsi, baƙauye da ɗan birni ba su san juna ba, amma tiya ɗaya suke awo da ita, kuma bai taɓa jin an kwana a otal kafin a yarda da ita ba.

Na ce masa ya bi a hankali, kada ya ci mutuncin manya. Mai Girma Sarkin Zaman Taro da Jarman Alawus da Garkuwan Shan Shayi ba ƙaramin aiki suke yi ba. An ce sun je ƙasashe huɗu don ganin yadda ake rubuta adireshi. An ce bara sun cimma matsaya a kan launin bangon rahoton. Wannan ai ci gaba ne. Mu da muke sa kati kullum sai mu ƙara haƙuri, dama kura ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi.

Yaya ta kwana, ta ci tuwo, ta ce ta yafe, amma sauran dangi ni zan je in yi musu bayani da bakina. Gobe in sha Allahu zan bi ta Rano in yi ta'aziyyar da ta makara, in tsaya gaban matar Kawu in ce mata harafi ɗaya ne ya hana ni ɗaukar makarar mijinta. Ban san yadda za ta kalle ni ba.

Su kuwa manyan kwamiti ba na yi musu mugun fata, ni ba mai baki ba ne. Allah ya ja kwanansu, ya ƙara musu otal. Roƙona ɗaya: ranar da za a kira su su zo karɓar alawus, Allah ya sa layinsu yana tsakanin kamfani biyu. Na tabbata kafin azahar an yarda da takarda ɗaya.