Rasuwar Tsince, Mai Layi Ɗari Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, nake sanar da rasuwar Tsince, 'yar ƙaramar manhajar da na rubuta da hannuna shekara huɗu da suka wuce. Ba wanda ya zo ya gaya mini. Na zo wucewa ne ta bayan kujerar Injiniya, babban mai rubuta manhaja a ofishinmu, na hango allon kwamfutarsa ya yi jajir da layukan da ya ja wa jan alli don a goge, a ƙasa ya rubuta dalili: “kwashe tarkace.”

Ga wanda bai san marigayiya ba: idan aka nemi mutum a kundin ma'aikatan ofishinmu, laburaren manhajar da muke aiki da shi, wato manhajar wasu da muke aro, yakan dawo da amsa a ƙunshe, ƙulli cikin ƙulli, sai ka kwance biyar kafin ka ga lambar waya ɗaya. Tsince ce ke kwancewa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar muryarta fankar kwamfuta ta ce fuuu, sannan ting, ga suna a fili. Ta gado ni, uwarta, wajen rashin magana, shi ya sa har ta kwanta dama Oga, shugaban ofishinmu, yana zaton aikin ne ke yin kansa.

Ta rasu ta bar ni, da manhajar hutun ma'aikata, da ta katin buɗe ƙofa, da jikoki uku a wani sashe da aka kwafe ta aka kai ba ko sannu.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ranar Litinin masu laburaren suka fitar da sabon salo: amsa na fitowa a buɗe, layi ɗaya ya wadatar. Gyara ne mai kyau, ban musa ba. Wasiƙar roƙon a yi shi ta shekara biyu a akwatina, na kasa aikawa. A taro Injiniya ya ce, “Oga, layi ɗari biyu fa! Wa ma ya jibga wannan shirgin?” Oga ya juyo ya ce, “Ƙanwata, ko kin san mai shi?” Na buɗe baki, tari ne ya fito.

Ga abin da tarin ya tare. Layi goma ne kacal na kwance ƙulli. Sauran duk na mutanen da kundin bai cika bayaninsu ba ne: direbobi, masu shara, masu gadi, waɗanda ba su da imel. Sabon salon in ya ci karo da gurbin da ba komai, cak yake tsayawa. Duk ranar da aka binne Tsince, katinsu ba zai ƙara buɗe ƙofa ba, sai su kwana biyu a waje kafin wani ya gano dalili.

An sa jana'iza yau ƙarfe goma a ɗakin taro, ni kuma aka ba danna madannin amincewa da goge ta, wai don in koyi aiki. Kafin in danna, na tura wa Injiniya 'yar takarda ɗauke da sunan Baba direba: “Don Allah nemo mini shi da sabon salon.” Ya nema. Ya sake nema. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya nema na uku, ba Baba ba alamarsa. Oga ya ce, “Yaya dai, Injiniya, ko Baban ya yi ritaya ne ba mu sani ba?”

Saboda haka ana sanar da masu ta'aziyya cewa an ɗage binnewa sai abin da hali ya yi. Gawa tana nan kwance a allo, ba a danna komai ba. Injiniya, mai haƙa kabarin, ya naɗe wayar cajarsa, ya mayar da kujera a hankali, ya fita.