Turakun Cajinmu Sun Fi Na Ƙetaren Kogi Yawa

Jama'a, Asabar ɗin da ta wuce, ni Qiu mai awara, an shigar da ni garin surukaina ɗaure a bayan tarakta kamar akuyar da aka sayo a kasuwa. Ina sanye da kwat ɗin da ba na taɓawa sai ranar biki, matata Guixiang ta rufe fuska da jaka, 'yarmu Lanfen tana rungume da gasasshiyar agwagwa tana sharɓar kuka. Kuma duk wannan ya same ni ne a gundumar da ta fi kowace gunduma a lardin nan yawan turakun cajin mota. Ba ni na faɗa ba, a rubuce yake ɓaro-ɓaro a jan ƙyallen da ke bakin kasuwa.

Ranar ce za mu fara cin abinci da iyayen yaron da ke neman Lanfen, mutanen ƙetaren kogi. Kun dai san mu da su. In suka gina gada, sai mu gina mai fitilu. Da suka kafa turakun caji dubu biyu, Mai Girma Sarkin Almakashi, uban ci gaban gundumarmu, wanda ba ya wuce jan ƙyalle bai yanka ba, ya rasa sukuni har sai da ya kafa dubu uku.

Da safe na tarar maƙwabcinmu Tsoho Pang ya girke motarsa mai shan fetur a gaban turke ɗaya tilo na benenmu, ya tafi kamun kifi. Batirin a-kori-kurata mai lantarki kuwa saura ɗan kaɗan.

Guixiang ta ce, "Tsoho, mu hau bas."

Na ce, "Bas? Gaban surukai? Haba uwar Lanfen, a gundumar nan ko tuntuɓe mutum ya yi, a kan turken caji zai faɗi."

Wayata ta nuna mana tashar caji ta farko a bayan gonakin kabeji. Kai, abin sha'awa! Turaku a jere kamar sojoji, korensu shar, ko ledar jikinsu ba a gama cirewa ba. Wata dattijuwa ta shanya barkono a kan igiyoyinsu. Na soka, shiru. Na koma na gaba, shiru.

Dattijuwar ta ce, "Ɗan'uwa, kada ka wahalar da hannunka. Sau ɗaya suka taɓa ganin wuta, ranar buɗewa. Janareto aka ɓoye a cikin kabejina. Ana gama hoto aka naɗe waya aka tafi."

"To me amfaninsu, Gwaggo?"

"Ka ga barkonon nan? Bai taɓa bushewa da kyau haka ba."

Tasha ta biyu tana aiki, da idona na ga fitilunta suna ƙyaftawa. Sai dai tana cikin harabar wani ofis mai dogon suna, bayan ƙofar ƙarfe. Mai gadi ya dubi motata, ya shaƙi ƙamshin waken suya, ya ce turakun na jama'a ne ƙwarai, amma harabar ba ta jama'a ba ce. Na tambaye shi yadda jama'a za su kai ga kayansu. Ya ce wannan tambayar ba sashensa ba ce, ya koma kan ƙoƙon shayinsa.

Ta uku kuwa, wayata ta rantse mun iso. Na duba dama, tafkin kifi. Na duba hagu, tafkin kifi. Ina kyautata zaton an yi ta ne domin kifayen, don Mai Girma ba ya barin kowa a baya.

A tsakiyar gada motar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya. Lokacin cin abinci ya gota. Lanfen ta ce, "Baba, za su ce mun raina su. Uwarsa dama ba ta so." Yaron nan kuwa mutumin kirki ne, kuma 'yar nan ita kaɗai gare ni. Na haɗiye girman kaina na kira uban yaron, Tsoho Dou.

Sai ga shi a kan tarakta, yana dariya tun daga nesa.

"Suruki! Ashe masu dubu uku ma suna kwana a hanya?"

Na ce, "Ko banza dai mun fi ku. Lissafi ba ya ƙarya."

Yana ɗaura igiya yana cewa, "Namu kaɗan ne, amma na gaske ne." Na lura bai kalli idona ba da ya faɗa. Na ce to ina tasa motar lantarkin, da ya zo da tarakta? Sai ya shiga tari.

Muna cikin haka wata babbar mota ta taho daga ɓangarenmu, maƙare da turakun caji, ƙasa na zuba daga gindinsu. Mutum biyu suna zaune a kai da bokitin fenti, suna mayar da kore shuɗi tun kafin a sauka daga gadar.

Na ce, "Kai! Ɓarayi! Ina za ku da turakunmu?"

Dou ya riƙe mini hannu. "Rage murya, suruki. Jibi masu ƙidaya za su zo wajenmu. Watan jiya da suka je wajenku, ai mu muka ba ku aro."

"Ke nan na waye?"

"Ƙanin matata ne ke tuƙa motar. Ya ce shi ma ya daina tambaya. Fentin jikinsu ya kusa fin ƙarfen kauri."

Na tsaya ina kallonsa, yana kallona. Sai muka fashe da dariya har Guixiang ta sauke jakar daga fuskarta. Kafin mu isa gidan abinci, mun zagi namu Mai Girma, mun zagi nasu, mun zama kamar tare muka yi wasan ƙasa. Uwar yaron ta haɗe rai da farko, amma da mijinta ya kwashe labarin ya faɗa mata, da kanta ta ɗauki cinyar agwagwa da tsinken cin abinci ta sa wa Lanfen a kwano. An sa biki bayan girbin shinkafa.

Shekaranjiya na ji a rediyo an ba gundumomin biyu lambar yabo, kowace a kan yawan nata. Ina taya Masu Girma murna. Ba ƙaramin basira ba ce a ƙirga turke ɗaya sau biyu, a yi masa walima sau biyu, bai taɓa cajin ko tocila ba.

Af, na manta ban gaya muku ba. Babbar motar nan mai jigilar turaku, da man gas take tafiya. Duk ranar, direbanta kaɗai na ga ya isa inda za shi a kan lokaci.