Karne Biyu, Ciki Ɗaya

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da yammacin Alhamis ɗin da na kwanta a gadon awo, cikina a waje, na yi gulmar da ta kusa sa ni barin garin Tawa ba.

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, ina koyar da 'yan aji shida a wata firamare. Yarana uku, ta ƙarshen da tiyata aka ciro ta, bayanta kuma na yi ɓari. Sai ga wani cikin ya shigo babu sallama. Da na je awon farko a asibitin unguwa, ungozomar (mu nan sajifam muke ce musu) ta gwada jinina, ta cire abin, ta sake ɗaurawa, sannan ta ce, "Madam, wanga ciki ya fi ƙarfinmu. Ga hawan jini, ga tsohon ɗinki, ga shekaru. Ki nemi babban likita ya bi ki har haihuwa."

Nan shawara ta ɓarke. Maigidana ya ce babbar matanite ta gwamnati, wato asibitin haihuwa, don can ne akwai ɗakin tiyata da jini. Ƙawata Hadiza, wadda muke koyarwa tare, ta ce in ina son raina in je wata kilinik mai zaman kanta, inda babu layi kuma ana yi wa mutum sannu. Innata ta aiko daga Affala cewa ita tara ta haifa a ɗaka, babu wanda ya taɓa rubuta mata takarda.

Ni da nake buga tebur ina gaya wa yara amsa ɗaya ake zaɓa a jarrabawa, sai na zaɓi biyu.

Ranar Talata ina zuwa matanite da sanin maigida. Likitar can wata doguwar mace ce mai tabarau, tambayoyinta kamar na jandarma. "Kin rage gishiri?" In ce na rage. Ta danna ƙafata da yatsa, ta dubi ramin da ya zauna, ta ce, "Ba ki rage ba." Shi ke nan hirar.

Ranar Alhamis kuma in sulale zuwa kilinik, in ce wa maigida taron malamai muke da shi. Can sajifam ɗin mai fara'a ce, Hajiya take ce mini, ni da ban taɓa wuce Yamai ba. Ranar da za a buɗe mini karne, wato littafin awo, aka tambayi shekaruna, na ji bakina ya ce talatin da biyar. (Ban shirya ƙaryar daga gida ba. Wurin ne ya yi sanyi, kujerar ta yi laushi, arba'in da ɗaya ba ta dace da ɗakin ba.)

Haka na zama mai karne biyu. Kowane ɓangare kuma ya rubuta mini maganin hawan jini. Sunayen daban, kwalayen daban, ɗaya fari ɗaya ruwan ɗorawa. Na yi lissafi irin na malamai, na ga biyu ta fi ɗaya, na riƙa haɗiye su duka.

Bayan 'yan kwanaki jiri ya fara. Wata safiya ina rubutu a allo sai na ga haruffa suna iyo, ban ankara ba na ji ni zaune a ƙasa. Na ce wa yaran alli nake nema. Ajin gaba ɗaya ya durƙusa yana taya ni nema, allin kuwa yana hannuna.

Da Alhamis ta zo na gaya wa sajifam ɗin kilinik. Ta gwada jinina, fara'arta ta ragu. Ta ce ya sauka da yawa, amma na yi sa'a, likitar da ke zuwa musu da yamma don hoton ciki tana nan. Ta kwantar da ni, ta ɗage mini riga, ta shafa mini wannan man mai sanyi. Kusa da gadon akwai labule, a bayansa ina jin ƙarar famfo, wani yana wanke hannu.

"Hajiya," ta ce, "ba ki zuwa wani wuri awo? Ba ki shan wani magani bayan namu?"

Nan ne ƙofar gaskiya ta buɗe mini, ni kuma na bi ta taga.

"Ni? Ina zan je? Matanite? Allah shi kiyaye. An ce akwai wata likita can, doguwa mai tabarau, fuska kullum kamar ta dawo daga jana'iza. Ko gaisuwa ba ta iya ba." Sai na ga labarin ya yi daɗi, na shaƙe murya na kwaikwaye ta: "Ba ki rage gishiri ba!"

Sajifam ta fara tari tana kaɗa mini ido. Na ɗauka dariya take ɓoyewa, don haka na ƙara da cewa ina tausayin mutanen gidan matar.

Famfo ya tsaya. Aka ja labule.

Doguwa. Mai tabarau. Tana goge hannu da tawul, yatsa bayan yatsa.

"Ina wuni, Madam," ta ce. "Kin ga na iya."

Da a tsaye nake, da na nemi ƙofa. Amma mace mai cikin wata shida, kwance rigingine, tumbi yana ƙyalli da mai, takalmanta a ƙarƙashin gado, babu inda za ta. Na ce, "Lafiya lau, Dakta, ina gajiya," da muryar da ni kaina ban san ta ba.

Ta ɗauki karnen ta buɗe. "Talatin da biyar. Shekaranjiya a arba'in da ɗaya na bar ki. In kika ƙara zuwa nan sau biyu, sai mu kai ki awon yara."

Sajifam ta tuna tana da aiki a waje.

Likitar ta ce in juye jakata. Kwalayen biyu suka faɗo. Ta juya su, ta karanta ƙananan rubutun da ban taɓa dubawa ba, sai na ga fuskarta ta sake, ba irin ɗaurewar da na saba gani ba. "Magani guda ne, kamfani ne daban. Ninkawa kike yi. In jininki ya faɗi haka, wanda ke zuwa wurin yaron ma raguwa yake." Ba ta ƙara kallona ba. Ta ɗora na'urar a cikina tana zagayawa, idonta a kan allon.

Ɗakin ya yi tsit. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san kunyar ta fita daga kaina gaba ɗaya, na tuna ranar da na yi ɓari, na riƙe ƙarfen gadon ina salati. Can sai ga sautin bugun zuciyar yaron, da sauri da sauri, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Hawaye suka gangara mini har cikin kunne.

"Yana nan," ta ce. "Ya fi uwarsa natsuwa."

Ta miƙo mini takardar goge ciki, ta ja kujera ta zauna. "Madam, ba dole sai ni ba. Ki zaɓi wanda hankalinki ya kwanta da shi. Amma mutum guda, karne guda, kuma ki faɗa mai gaskiya duka, har da wadda ba ta da daɗi. Ciki irin naki, inda akwai ɗakin tiyata da jini za a haife shi. Sauran duk kwalliya ce."

Ta hana ni hawa babur ɗin haya da wannan jirin, ta ce in kira maigida. Ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi gadon, ya dubi na'urar, ya dube ni.

"Maman Nafisa," ya ce, "ashe nan kuke taron malamai."

Ita likitar na zaɓa. A wata na takwas jinin ya hau da gaske, ta gani tun kafin ni in ji a jikina, ta kwantar da ni kwana tara sannan ta yi mini tiyata. Namiji ne, ɗan ƙarami, yanzu har yana fasa mini kofuna. Ranar da za a sallame mu na tattara ƙarfin hali na ce ta yafe mini. Ta ce ta ji abin da ya fi wannan daga bakin mata masu naƙuda, sai dai su suna da uzuri.

Abin da na koya shi ne, likitar da za ka damƙa wa rai biyu ba a zaɓenta don murmushi, kuma ba a ɓoye mata rabin labari. In kuwa gulma ta zame wa mutum dole a garin da likitocin mata ba su da yawa, to ya yi ta a tsaye, takalmansa a ƙafa.