Kafofin Iskar Motar Baba Tsoho

"Kin tashi lafiya, amarya, ko har yanzu gwiwar na kukan rashin mai?"

"Lafiya lau, mijin da ba ya cefane. Yau kuma wace ƙarya ka kawo?"

Jikan ya yi dariya, ya kamo hannun kakarsa ya fito da ita ƙofar gida. Ga tsohuwar motar marigayi Baba Tsoho, mijinta, wadda ta daɗe a bayan gida kaji na kwana a ƙarƙashinta. Jikan ne ya ja ta zuwa gareji, aka tayar da injin, aka yi mata walda da fenti. Sai sheƙi take yi.

"Ga sa'arki ta koma budurwa," in ji shi. "Ke ce kawai fenti ba ya kamawa."

"Ji min ɗan nema! Kai da ko keke sai na riƙe maka sirdi kana ihu, yau kai ne mai mota?"

Ta zagaya tana shafa jikin motar. Da ta kai murfin inji a baya, sai hannunta ya tsaya.

"Ina kafofin?"

"Ga su nan a jere, yadda kamfani ya yi."

"Ba su ba. Na ƙasansu, karkatattun nan."

"Au, wannan ɓarnar? Kamar ɓera ya ci kwano. Na sa mai walda ya toshe, ai ba da su aka ƙero ta ba."

"To ɓeran kakanka ne."

Murmushinsa ya ragu.

"Injinta ba ya shan ruwa," ta ce, "iska ce ke sanyaya shi. Da muka yi yawa, ga ni, ga yara, ga ubanka mai cin rabon mutum uku, sai ta riƙa ɗaukar zafi a kan hawa. Mu sauka mu zauna a bakin titi tana huci. Shi ne kakanka ya ɗauki guduma da kurfin huda ƙarfe ya ƙara mata hanyar numfashi, har ya fasa babban yatsansa."

"Ki dai faɗi gaskiya, nauyinki ne ya galabaitar da ita."

"Nauyina? Lokacin iska mai ƙarfi ma sai ta kada ni, mai kai kamar tulu!"

Ta dogara sandarta ta nufi ƙofar mai zaman gaba. Ta sunkuya, ta lalubi gefen ƙofar, ta tarar da shi sumul.

"Har da ɗan kunnen?"

"Haba Kaka, abin fa kamar kunnen jaki."

"Ina da cikin gwaggonka, numfashi na yi mini wuya, gilashin gefena kuma ba ya sauka. Kakanka ya yanki gwangwanin madara, ya lanƙwasa, ya huda ƙofar ya dasa a nan don iska ta riƙa bugo ni. Duk inda muka tsaya sai an yi masa dariya. Bai cire ba har ya rasu." Ta ɗago. "Ina aka ajiye shi?"

Ya sosa ƙeya. "An share garejin. Masu tsintar ƙarfe sun kwashe."

Ta kalli fuskarta a sabon fentin.

"Gobe zan sa a sake hudawa," ya ce a hankali.

"Mai walda zai yi da awo, komai a miƙe. Kakanka bai taɓa jan layi ya miƙe ba. Da ka tambaye ni, ɗan nan."

"Da na tambaya."

"To buɗe mini, tsayuwar ta ishe ni."

Ya buɗe, ta zauna a kujerarta ta da, ya rufe. Nan da nan gumi ya tsatso mata a goshi.

"Ka shaƙe motar, yanzu kuma ni za ka gasa ka ci gado?"

"Gadon me? Sanda da kwalbar man zafi?"

Ya zagaya ya shiga, ya zaro kwalin da aka shimfiɗa a ƙasa, ya shiga yi mata fifita da hannu biyu.

"Ga sabuwar kafar iska, ranki ya daɗe. Ba walda, ba fenti."

Dariya ta ƙwace mata, ta sa gefen mayafi ta share ido.

"Ƙara ƙarfi, rago. Kuma ni zan ce ya isa."

"Na sallama," ya ce, bai daina kaɗa kwalin ba. "Yau kin ci."