Likitan Taga Da Yatsun Gidansa

A kan ƙwayar sukari biyu rigimata da shi ta faro. Na ɗauki cokali zan motsa shayina, sai ga hannu ya sure gwangwanin sukarin.

"Goggo, wannan guba ce!"

Na ce, "Ɗan nan, gubar nan nake sha tun ina goya ka kana yi mini fitsari a baya."

Ya ce ai yanzu ilimi ya ci gaba. Ya kulle gwangwanin a kabad, ya jefa makullin a aljihu.

Ɗan wana ke nan, Allah ya ƙara masa girma, ko da yake ta gaba babu sauran wuri. A asibiti yake aiki. In ya faɗi haka sai ya yi shiru, ya bar mutum ya ƙarasa da kansa. Kati yake bayarwa ta taga, amma tagar tana kallon ɗakin likita, iska kuma takan kaɗo magana. A nan ya yi karatunsa. 'Yan unguwa suka sa masa Likitan Taga, shi kuwa rabin farko kaɗai kunnensa ke ɗauka.

Bayan sukari ya shiga kurkuku, sai ya sayo 'yar na'urar nan mai auna sukari a jini. Kowace safiya gida ya yi layi: matarsa, 'ya'yansa, ni, har mai kawo mana ruwa in tsautsayi ya sa ya tsaya gaisuwa. Ya soka wa mutum allura a yatsa, ya matsa, ya ɗaga na'urar sama, ya girgiza kai kamar alƙali. Yatsun gidan nan duk sun sha huji. Guda goma ne kawai suka tsira, kuma duk a hannunsa suke.

In ya zauna cin abinci sai karatu ya tashi.

"Ku saurara, ku da ba ku sani ba. Insulin shi ne makullin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In zaƙi ya yi yawa, makulli ya gaji. In kitse ya taru a ciki, ƙofa ta cije, ta ƙi buɗuwa."

Magana ce mai kyau, har likitan gaske ma haka ya ce daga baya. Sai dai yana faɗa ne tumbinsa na hutawa a kan tebur, hannunsa na tsamo kitse daga soyayyen nama, wai yana rage wa yara haɗari. Shayinsa kuwa ba ya ganin sukari, Allah ya kiyaye. Zuma yake tuttulawa har cokali ya tsaya da ƙafarsa. Wai ita zuma ƙudan zuma ne ya yi ta, ba kamfani ba, don haka jini ya san 'yar gida ce. Lemon kwalba ma yana sha, amma mai hoton 'ya'yan itace a jiki.

Matarsa ta ga yana shan ruwa kamar rijiya ta fashe masa a ciki, yana zarya banɗaki, yana gyangyaɗi da rana tsaka. Baiwar Allah ta rame don tunani. Ta ce ya auna kansa. Ya ce mai awo ba a auna shi.

Ranar da ya tara maƙwabta a falo don ya wayar musu da kai, ya sa kwat, ya rataya biro uku. Ya yi bayani har yawu ya ƙafe, sannan ya nemi wanda zai miƙo yatsa. Kowa ya tura hannu ƙarƙashin hammata. Tela, wanda ya san zafin allura, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai likita zai fara nuna mana a jikinsa."

Falo ya ɗauka, "Haka ne!"

Zufa ta keto wa Likitan Taga. Ashe har yau tsoron allura bai sake shi ba, tun ranar da ya shige ƙarƙashin gado don masu rigakafi. Ya runtse ido, ya juya kai bango, matarsa ta soka. Ƙarar da ya yi, sai da kajin maƙwabta suka amsa. Lambar da ta fito kuwa ta fi duk wadda ya taɓa yi wa wani faɗa a kanta.

Ya ce na'urar ta lalace. Aka auna tela, ta yi daidai. Ya ce batir ne. Aka sake auna shi, lamba ta ƙaru.

Washegari matarsa ta tisa shi gaba zuwa asibiti. Ya karɓi kati ta tagarsa, daga waje, ya bi layi. Likita ya ce ciwon sukari ne, amma an zo da wuri, da sauran gyara: a rage zuma da kitse, a yi tafiya da ƙafa, a riƙa awo kullum.

Yanzu zuma ce a kabad, makulli kuma yana ɗaure a bakin zanena. Ƙwaya ɗaya nake sawa a shayi, don ni ma ba kurma ba ce. Yau da safe ya so ya sulale ta bayan labule da takalmi a hannu. Na ajiye kofina, na jawo na'urar.

Na ce, "Likita, layi ya zo kanka. Miƙo yatsa, Goggo za ta hura maka."