Iskar Saman Benena

Tun da aka fara ɗora tubali a kan tubali, ɗan Adam bai ƙirƙiro abin da ya kai bene daraja ba. Da wannan aƙida na yi ritaya daga koyarwa, na tayar da bene a unguwarmu a Roni, inda babu katangar da ta wuce tsayin mai ɗaga hannu.

A majalisa na yi wa jama'a darasi kyauta: iska mai zafi sama take hawa, manyan tagogi su fitar da ita. Ni da fanka da janareta har abada. Suka ce, "Allah ya ƙara sani, Malam."

Ranar da aka gama, na hau na buɗe tagar gabas ina shaƙar nasara. Sai ga Hajiya Inna, mahaifiyar maƙwabcina, a tsakar gidansu ba ɗankwali, ana yi mata kitso. Ta ɗago kai ta ce, "Malam, tunda ka iso, sauko ka riƙe mana madubi."

Kafin la'asar mai unguwa ya zo. "Malam, iskar nan taka ta cikin gidajen mutane take ratsowa."

Aka toshe tagogin duka da bulo. Iska mai zafi kuwa ba ta ƙaryata ni ba: tana hawa, sai dai ba ta fita.

Har yau in na doso majalisa sai wani ya ce, "Injiniya, yaya iskar sama?"

Uwargida ce ke amfani da benen yanzu. A can take shanya kuɓewa.