Kajina da Jan Ƙyallen Soja

Matso kusa ki ji, 'yar'uwa, amma kar ki yi dariya da ƙarfi. Har in mutu ba zan manta da shekarar da sojoji suka zo share tsohon filin harbinsu na hanyar Bahuli ba, lokacin muna Gongola. Wai akwai bama-baman da ba su tashi ba a cikin ƙasa, in an kwashe za a raba wa mutane gonaki kafin damina. An yi shela a kasuwa, ni kuwa ban ji ba (ni da kasuwa sai sallah).

Ran nan na fita itace can filin, sai ga jajayen ƙyallaye a kan 'yan sanduna, sababbi fil, ba mai su. Dama kullum muna rigima da maƙwabciyata Maman Ladi kan kaji, nata da nawa duk kamarsu ɗaya. Na bi na tumɓuke tas. Sanduna suka shiga murhu, ƙyallaye na ɗaura wa kajina a fiffike.

Washegari mai unguwa ya tara mu. Wani sajan, ido jajur, ya ce an cire alamun da suka kafa a kan kowane bam, aiki ya koma farko, gona kuma sai baɗi in ruwa ya riga su. Ni da bakina na ce, "Kai, yaran yanzu! Wanda ya yi wannan a zane shi!"

Ban rufe baki ba sai ga zakarana ya ratso tsakiyar taro, kaji na biye, kowace da jan ƙyalle kamar masu fareti.

Maman Ladi ta tafa hannu. "Yau dai ba gardama, Yaya Asabe, waɗannan naki ne!"

Sajan ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta bariki: "Mama, kai ne ka taka wurin nan duka?" Na ce e. Ya cire hula ya zauna.

Sojoji sun sake aikin, an yi shuka a makare, kuma ni na ciyar da su, da kajin nan ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar, in ana neman mai laifi, nakan bari wani ya fara yanke hukunci.

Amma tsakaninki da Allah, ke da kin ga sabon yadi a daji, wucewa za ki yi?